Gugguru mai zaƙi da gishiri: sukari a tukunya, karamel, ko a haɗa da alawa daga baya?

Ranar sunan ɗan ƙanwata, a tsakiyar watan Afrilu, na tashi tun asuba na yi gugguru cike da babbar roba, na narkar da shokola na yaryaɗa masa, na ƙulla a ƙananan ledoji don rabon yara. Da hantsi na fito daga gidana a Bukoki, na shiga taksi zuwa Talaje da jakar a cinyata. Kafin a kira azahar shokolar ta narke ta kwanta a gindin kowace leda, guggurun ya shanye ta ya yi lagwab, yaran da suka karɓa kuwa hannu da baki da gaban riga duk sun yi dumu-dumu. Gwaggonmu ta ɗaga leda ɗaya ta juya ta, ta lakata ta ɗanɗana, sannan ta ce, "Ɗiyata, hannunki da daɗi, amma wannan ba abin bazara ba ne. Ki bar shi sai hunturu." Na ji ciwon asarar ƙwarai, don kuɗin shokolar kaɗai ya fi na masara da mai da sukari gaba ɗaya.

Gaskiyar Gwaggo ce. Duk gugguru mai zaƙi da ɗan gishiri yana da daɗi a lokacin da aka sauke shi. Bambancin yana fitowa bayan awa uku, ko washegari, ko bayan ya kwana biyar a leda, kuma a Yamai yanayin gari ne ke fara yanke hukunci kafin harshe. Hanyoyi uku na sani, na kuma yi kowacce sau ba adadi, a gas da a gawayi. Akwai zuba sukari cikin tukunya tare da masara su fashe tare. Akwai dafa karamel daban, wato sukarin da aka narkar a wuta har ya yi ja, a kwarara a kan gugguru. Akwai kuma yin gugguru mai gishiri zalla, bayan ya huce a haɗa shi da alawa ko shokola. Kowacce da inda take cin kasuwa, da inda take ba da kunya.

Kafin a zo ga zaƙi sai an samu masara mai fashewa. Masarar tuwo ba ta yi. Ta gugguru ƙananan ƙwayoyi gare ta, masu sheƙi da tauri, ɓawonta ba ya barin tururi ya sulale. A cikin kowace ƙwaya akwai ruwa kamar kashi 14 cikin 100. Idan zafi ya kai wajen digiri 180, ruwan nan ya zama tururi ya rasa mafita, sai ya fasa ɓawon, garin ciki ya kumbura ya fito fari fat. Ke nan ruwan ciki shi ne jarin ƙwayar, kuma garinmu gwanin kwashe shi ne. Masarar da ta yi makonni a buɗaɗɗen kwano a rana, a Katako ko Wadata, musamman da hunturu, za ki ga rabinta ya ƙi fashewa, wadda ta fashe ma ƴar ƙarama. In kin sayi irin wannan kada ki zubar. Zuba kofi ɗaya a kwalba mai murfi, ki sa ruwa ƙaramin cokali ɗaya, ki girgiza, ki bar ta kwana biyu zuwa uku kina girgizawa safe da yamma. Za ta dawo. Tukunya kuma mai kaurin gindi ake so, irin ta alminiyam da ake zubawa a Katako. Siririyar tukunya tana ƙona ƙasa kafin sama ya ji wuta.

Hanya ta farko ita ce ta mai gaggawa. Masara gram 100, wato rabin kofin shan ruwa, man gyaɗa manyan cokali 3, sukari manyan cokali 4 wanda ya kama gram 50, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Ɗora tukunya a wuta madaidaiciya, zuba mai, jefa ƙwaya uku ki rufe. Idan ukun sun fashe, man ya kai. Sai ki zuba sauran masarar da sukarin a tare, ki juya sau ɗaya da muciya don kowace ƙwaya ta samu rabonta, ki rufe, ki kama kunnuwan tukunyar da tsumma ki yi ta girgizawa. Duk aikin a girgizawar nan yake. Sukari yana fara canza launi tun wajen digiri 160, masara kuwa sai 180 take fashewa, don haka sukarin ya riga masarar isa bakin ƙonewa. In kika tsaya amsa sallama, kafin ki waiwayo ƙauri ya tashi. Ki ɗan karkata murfin don tururi ya fita, in ba haka ba guggurun zai yi tauri kamar roba. Da kin ji ƙarar fashewa ta ja baya, har kina iya ƙirga ɗaya, biyu, uku tsakanin wannan da wancan, ki juye a faffaɗan tire nan take. Kada ya ƙara ko numfashi ɗaya a tukunya, don ƙarfen yana ci gaba da dafa sukarin ko an sauke. Barbaɗa gishiri tun yana da danƙo, ki baza shi ya sha iska.

Gram 100 ɗin nan zai ba ki gugguru lita uku ko fiye, da ɗan siririn sheƙi a jikinsa, wani ya samu zaƙi da yawa, wani gishiri ya fi kama shi. Wannan rashin daidaiton ne daɗinsa: baki ba ya gajiya, hannu na ta komawa. Tukunya ɗaya, minti goma, kuɗi kaɗan. A gas ya fi sauƙi tunda kina iya rage wuta. A gawayi sai ki riƙa ɗaga tukunyar sama kina mayarwa, ko ki kwashe rabin garwashin tun farko.

Rauninsa guda ne amma babba: ba ya jure ajiya. Rufin sukarin siriri ne, bai lulluɓe ƙwayar duka ba, iska na shiga. Da hunturu, a roba mai murfi, yakan kai kwana biyu ko uku yana ƙaras-ƙaras. A watan Agusta kuwa, abin da kika yi da la'asar in ya kai bayan isha a buɗe ya riga ya saki. Sannan ba ya karɓar alawa a cikin tukunya. Na taɓa daka minti na zuba tare da masara don in samu launi, ya ƙone ƙurmus tun kafin ƙwaya goma su fashe. Abin da ke yiwuwa shi ne ki daka mintin ko alawar gyaɗa lukwi ki ajiye a gefe, da kin juye a tire ki barbaɗa tare da gishirin. Zai kama, amma sai kin yi sauri, don danƙon ba ya wuce rabin minti.

Hanya ta biyu ta fi wahala, kuma ita na fi riƙo da ita. Da farko ki yi guggurun fari, da mai kawai. Girgiza shi a babban kwano don ƙwayoyin da suka ƙi fashewa su sauka ƙasa, sannan ki kwashe na sama da hannu zuwa wani kwanon. Kada ki raina wannan matakin. Ƙwaya ɗaya da ta ɓuya cikin karamel tana iya fasa haƙori, mai ci kuma ba ya ganinta. Kwanon da za a juya a ciki ya zama na ƙarfe, a shafe shi da mai, don roba narkewa take yi.

Ga masara gram 100 ana son sukari gram 200, ruwa manyan cokali 4, ruwan lemun tsami ƙaramin cokali 1, bota gram 60, gishiri ƙaramin cokali 1 a shafe, da bikarbonat, wato farin garin sodar girki, rabin ƙaramin cokali. Ki auna komai ki jera kusa da murhu kafin ki kunna wuta, don in abin ya zo ba za ki samu lokacin neman cokali ba. Haɗa sukari da ruwa da lemun tsami a ƙaramar tukunya mai zurfi. Juya har sukarin ya narke, da ya fara tafasa kuma ki cire cokali ki bar shi. Juyawa bayan tafasa ita ke sa ya koma tsaki-tsaki kamar yashi. Amfanin lemun tsamin ke nan ma: tsaminsa yana raba wani sashe na sukarin zuwa ƙananan sukari iri biyu waɗanda ba sa saurin komawa ƙwaya, sai karamel ɗin ya fito sumul.

Ba sai kina da ma'aunin zafi ba. Ajiye kofin ruwan randa a gefenki ki riƙa ɗiga ɗigo ɗaya a ciki. Da farko zai baje ya ɓace. Can zai dunƙule ya zama ɗan curi mai laushi da za ki iya murzawa da yatsa, wannan wajen digiri 115 ne, kuma nan ne mata da yawa ke saukewa saboda tsoron ƙonewa. Gugguru da aka yi da wannan shi ne mai maƙalewa a haƙora, ya manne da leda, ya ƙi bushewa har abada. Ki yi haƙuri ki ci gaba. Idan ɗigon ya faɗa ruwa ya yi ƙara, kika ɗauko ya karye ƙas kamar gilashi, ya kai wajen 150. Daga nan idonki ya koma kan launi. Ni da shayin fada nake aunawa. In ya yi hasken shayi na uku, zaƙi ne zalla ba ƙamshi. In ya yi jan shayi na biyu, nan ne wurin, sauke. In ya kai duhun na fari, ɗaci ya shiga kuma babu abin da zai fitar da shi. Tsakanin na biyu da na fari bai fi ƙiftawar ido ƴan kaɗan ba.

Da kin sauke, jefa bota kina nesa da fuska, don zai yi tsartuwa. Juya, zuba gishiri, sannan bikarbonat a ƙarshe. Za ki ga ya taso ya yi kumfa, launinsa ya washe. Iskar da bikarbonat ke saki ce ta cika shi da ƙananan ramuka, shi ya sa yake bazuwa a jikin gugguru da sauƙi, in ya bushe kuma ya yi rumus maimakon taurin dutse. Kwarara a kan guggurun, ki kama muciya biyu da aka shafa wa mai ki yi ta ɗagowa daga ƙasa. Minti ɗaya gare ki. Juye a tire mai mai, baza, bar shi ya huce, ki ɓaɓɓalle da hannu.

Ana yawan tambayata ko kanwa za ta maye gurbin bikarbonat, tunda ƴan gida ɗaya ne. Ba na ba da shawara. Ƙarfin kanwa ba ɗaya ba ne daga wannan dunƙule zuwa wancan, tana kuma barin ɗanɗanonta a baki. In babu bikarbonat ki yi haka nan, zai ɗan fi tauri ne kawai. Man shanu kuwa yana maye bota, har manya sun fi son ƙamshinsa, sai dai wasu yaran kan ture. In margarin za ki sa, ki rage gishiri, don yawancinsa da gishirinsa yake zuwa. Mazarƙwaila tana ba da ƙamshin da farin sukari ba shi da shi. Ki maye kashi ɗaya cikin huɗu na sukarin da ita, ki narkar ki tace saboda ƴan tsakuwa, kuma ki sani launi ba zai ƙara yi miki jagora ba tunda dama ja ce, sai gwajin ruwan randa kaɗai. Zuma cokali ɗaya ta isa. Tana jan laima daga iska fiye da sukari, in ta yi yawa guggurun ba zai bushe ba.

Abin da ya sa na fi son wannan hanyar shi ne ba ki buƙatar sayen alawa, ke ce ke yin ta a jikin guggurun. Zuba gyaɗa amaro da aka murje, kamar cikin hannu biyu, a cikin karamel kafin ki kwarara, ko soyayyen riɗi cokali 3. Abin da zai fito alawar gyaɗa ce da gugguru a dunƙule ɗaya. Gugguru da gyaɗa dama tsofaffin abokai ne a tiren talla, karamel ɗaura musu aure kawai ya yi. Kakata a Tawa da dawa take yin nata gugguru a kasko, ƴan ƙanana farare, babu ɓawon nan mai shiga tsakanin haƙora. Na gwada na dawa da karamel, na dunƙule shi ƙanana da hannu mai mai bayan ya ɗan huce, ya yi kyau sosai. Sai dai dawa kaɗan-kaɗan ake fasa ta, kuma ba ta son a haɗa ta da sukari a tukunya, tana saurin ƙonewa.

Mai son launi, don bikin yara ko Sallah, tana iya narkar da minti mai tauri a madadin sukari. Shi dama sukari ne da aka riga aka dafa har wajen 150, don haka aikin ya ragu. Daka gram 200, ki sa bota cokali 2 da ruwa cokali 1, ki narkar a wuta ƙasa-ƙasa, ki sa gishiri ki kwarara. Launi ɗaya za ki zaɓa a kowane zubi, in kika gauraya ja da kore da ruwan ɗorawa launin laka zai fito. Minti mai sanyaya maƙogwaro irin su TomTom aikinsa daban ne, ba ya tafiya da gishiri da mai. Alawa mai taushi ta madara, wadda ke jan haƙori, in an narkar da ita ba ta bushewa ƙaras, tunda tun asali ba a dafa ta ta kai can ba. Kuma ki lissafa: gram 200 na minti ya fi gram 200 na sukari tsada nesa ba kusa ba, launin kike saye.

Karamel na da nasa haɗarin, ba zan ɓoye ba. Ya fi tafasasshen ruwa zafi sosai, kuma in ya taɓa fata mannewa yake yi. Ba a yin sa da goyo a baya ko yaro yana rarrafe kusa da murhu. In tsautsayi ya faɗa, a sa wurin a ruwa mai sanyi na kamar minti 20, ban da man goge baki, ban da gishiri, ban da manja, in ƙunar babba ce kuma a tafi likita. Sukarinsa ya ninka na hanyar farko sau huɗu, ga bota, ga tukunya biyu. Amma ladan wahalar shi ne ajiya. Kowace ƙwaya ta shiga riga ta gilashi, iska ba ta kai gare ta. A bokiti mai murfi ko kwalba, da hunturu ko bazara, yana yi mini mako guda har fiye bai canza ba, zafin Afrilu kuma ba ya narkar da shi. Maƙiyinsa damina ce, don sukari na shan laima. A lokacin ki ƙulla shi da zarar ya huce, kada ki bar shi a tire ki tafi sallah ki dawo. Kada kuma ki sa a firigo. Da kin fito da shi raɓa za ta sauka masa ya yi danƙo, balle in an ɗauke wuta cikin dare.

Hanya ta uku ita ce wadda ake yawan gani a hotunan waya: farin gugguru mai gishiri, ga ƙwayoyin shokola masu launi a warwatse, ga zanen narkakkiyar shokola a kai. Sauƙi gare ta, babu wutar sukari, yara ma suna iya taya ki. Kowane abu yana riƙe da ɗanɗanonsa, ki ci gishiri a nan, ki ci zaƙi a can. Amma an tsara ta ne a ƙasashen sanyi, kuma duk abin da za ki haɗa sai kin yi masa tambaya uku: yana narkewa, yana da laima, yana nitsewa ƙasa?

Shokola ta faɗi tambayar farko. Man koko da ke cikinta yana narkewa a wajen digiri 34, ƙasa da zafin jikin mutum, Yamai kuwa a Afrilu da Mayu tana wuce 40 kusan kullum. Daga Disamba zuwa Janairu ne kawai za ki yaryaɗa ta ta daskare da kanta, musamman da dare ko da sassafe. In za ki yi, ki narkar da ita a kwano bisa ruwan zafi, kada ɗigon ruwa ko ɗaya ya faɗa ciki, don nan take za ta cure ta ƙi zuba. Ƙwayoyi masu rigar sukari irin su M&M's, waɗanda aka fara yi a Amurka a 1941 da nufin kada shokola ta narke a hannu, sun fi juriya. Duk da haka in kika zuba su a gugguru mai zafi rigar tsagewa take, launin ya zuba. Suna da nauyi, sai su gangara gindin kwano, yaron da ya fara ɗiba ya samu gugguru zalla, na ƙarshe ya kwashe alawar duka. Maganin wannan shi ne a raba gugguru a kofuna tukuna, sannan a jefa wa kowa nasa a sama. Ga tsada, tunda daga waje ake kawo su.

Alawa mai taushi kamar roba, da farar nan mai kama da auduga, ina da magana biyu a kansu. Laimarsu tana ratsa gugguru, kafin safe ya yi sanyi. Ta biyun ta fi muhimmanci a gidan Musulmi: yawancinsu da jelatin ake yi, wato sinadarin da ke ba su wannan taushin, kuma jelatin da yawa daga fatar alade ake samo shi. Ki juya ledar ki karanta. In kin ga gélatine de porc ki mayar, in an rubuta jelatin kawai ba a faɗi na mene ne ba kuma babu tambarin halal, ni barin sa nake yi. Dabino ma, duk da albarkarsa, mai laushin yana jiƙa gugguru. Sai busasshe, a yanka ƙanana, a ci a ranar. Haka alawar madara.

Waɗanda suka ci tambayoyin ukun namu ne na gida. Alawar gyaɗa da kantun riɗi busassu ne, rana ba ta narkar da su, in an farfasa su ƙanana suna maƙalewa tsakanin gugguru ba sa nitsewa sosai, kuma da kuɗi kaɗan za ki sayi abin da zai ishi kwano. Gullisuwa ma tana shiga, tana kawo ɗanɗanon madara ba tare da laima ba. In dai hanya ta uku za ki bi a bazara, da waɗannan za ki bi ta.

Gishiri na da tasa magana a duk hanyoyin. Mai manyan ƙwayoyi ba ya kama gugguru, zubewa yake ya taru a ƙasa. Ki daka shi a turmi har ya zama gari, ki tankaɗe, sai kaɗan ya isa. Na yau da kullum mai sinadarin iyodin shi nake sa wa a ciki. In na samu beza ta Bilma kuwa, nakan ɗan farfasa ta in yayyafa a saman karamel kafin ya bushe, don mai ci ya riƙa karo da ita jefi-jefi. Ɗan gishiri yana danne ɗacin karamel ya fito da zaƙinsa, shi ya sa wanda aka yi babu gishiri yake gundura tun a loma ta biyar.

A duba yara kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kamar gram 50 ga babban mutum, na yaro kuma bai kai haka ba. Zubi ɗaya na karamel gram 200 ne. In an raba wa yara goma, kowa ya sha gram 20 a zama ɗaya, ban da na koko da na lemo. Na tukunya in an raba haka gram 5 ne kacal. Wannan kaɗai ya isa a ce na tukunya shi ne na kullum, karamel na ranar biki. Yaron da bai kai shekara 4 ba kuwa ba a ba shi gugguru ko wane iri, haka gyaɗa guda-guda da minti mai tauri, don suna iya sarƙe shi su toshe numfashi. Ko ya yi kuka, a ba shi wani abin.

To wanne za ki zaɓa? In na yamma ne a tsakar gida, yara sun dawo daga lakwal, ko maigida zai fita da shi fada a ci da shayi, ki yi na tukunya ki barbaɗa dakakkiyar alawar gyaɗa. Zai ƙare kafin ya saki, aljihu kuma bai ji ba. In na Sallah ne, ko suna, ko saƙo za ki ba direba ya kai Tawa, tafiyar sama da kilomita 500 cikin zafin mota, karamel da gyaɗa ne kaɗai zai isa yadda ya bar hannunki. In na sayarwa ne a ledar dala biyar ko dala goma a ƙofar makaranta, ki duba yadda kayanki ke tafiya. Mai sayar da duk abin da ta yi a ranar, na tukunya ya fi mata riba saboda ƙarancin sukari. Mai ajiyewa a butik ya kwana uku ko huɗu, karamel zai hana ta kwasar asara, ko da ta rage yawan abin da take ƙullawa. Da damina kowacce ta rage zubi, ta yi kaɗan kullum. Shokola kuwa ki jira sanyi ya sauka, ki yi da dare, a ci a gida a cikin kwano, kada ta ga leda.

Tukunyar karamel kada ki kankare ta da wuƙa. Cika ta da ruwa ki mayar wuta ya tafasa, duk abin da ya daskare zai narke da kansa. Da Sallar da ta biyo bayan sunan nan na yi zubi huɗu na karamel, uku da gyaɗa, ɗaya da riɗi kaɗai saboda haƙoran Gwaggo, na kai mata a kwalba. Bayan kwana shida na koma gaishe ta, ta miƙo mini kwalbar da saura kaɗan a gindi, na ɗauki ɗaya na tauna, yana nan ƙaras. Ta ce, "Na gaba ki ƙara gishiri kaɗan, ɗiyata, kuma ki kawo a babbar kwalba."